Daddawar Inna da Manhajar Malam Isyaku

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci a tare ni, a teburin mai shayi a tare ni, har wanda bai taɓa yi mini sannu da aiki ba yanzu yana son jin yadda Nijar take. Wasu so suke su ji ko da gaske ne burodinsu ya kai tsawon hannu. Wasu kuma, 'yan ƙungiya, so suke su ji dalilin da ya sa na tafi da magana ɗaya na dawo da wata. To ga shi na zauna na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni in yi aikina.

Bari in fara da abin da ya kai ni. Ƙungiyar manoman ƙauyukanmu, nan kusa da Tsanyawa, tana da manhaja a kwamfuta mai riƙe da bayanin gonaki: wannan ta wane ce, daga ina ta fara, ina ta tsaya, wa ya gada, wa ya saya. Kun san gonakinmu a matse suke, ka ɗan yi tafiya kaɗan ka faɗa ta wani. In rigimar iyaka ta tashi, dagaci kan aiko a duba masa. Malam Isyaku ne ya rubuta manhajar, malaminmu na lissafi a sakandare, wanda ya koya wa kansa aikin da wata tsohuwar kwamfuta da littafi guda mai yagaggen bango. Shi ya fara ɗora hannuna a kan kwamfuta. Shekara goma sha ɗaya yana gyara abin nan har idonsa ya fara tafiya. Da idon ya tafi gaba ɗaya, 'yarsa Rakiya da ke aure a Damagaram ta zo ta ɗauke shi, aikin ya dawo hannuna.

Malam da wani harshen kwamfuta ya rubuta ta, Visual Basic, wanda shi yake kira Besik. Harshen yana da 'yan'uwa biyu, C# da F#, duk ukun a kan tushe ɗaya suke aiki, wanda ake kira .NET. Kamar injin niƙa ne na bakin kasuwa: ko a ƙwarya ka kai hatsinka, ko a kwano, ko a buhu, inji ɗaya ne zai niƙa. Amma Besik ya tsufa, ba a cika ƙara masa sabon abu ba, kuma ƙungiya na son manhajar ta hau waya don kada a riƙa zuwa ofis. Aikin waya kuwa da C# aka fi yin sa. Sai na zauna wata huɗu na sake rubuta komai da C#, tsaf, gajere, ina ta jin daɗin kaina. Akwai wani dogon sashe da Malam ya yi kan bishiyoyi, kowace bishiya da rajistarta daban. Na dube shi na ce wannan ɓata lokaci ne na tsofaffi, ai bishiya a cikin gona take. Na cire shi.

Da na kai wa shugabannin ƙungiya, suka ce sun ji, amma ba za a goge aikin Malam ba sai ya ji da kunnensa. Na ce zan kira shi. Shugaba ya dube ni sama da ƙasa ya ce irin wannan magana ba ta waya ba ce, kuma suna son amsa kafin ruwan farko. Wallahi raina ya ɓaci, ba don nisan hanya ba. Tsoro nake ji. Ta yaya zan zauna gaban mutumin da ya koya mini komai, ga shi ba ya gani, in ce masa na zo in share aikinsa?

Ranar da zan tashi, Inna, mahaifiyata, ta kira ni ta miƙo mini wani ƙunshi a tsumma. Daddawa ce, sabuwa, ta kalwar bana. Tana da ɗorawa guda a gonar Alhaji Garba, duk bazara ita ke tsinke ta, kuma Malam ya daɗe yana cewa daddawarta ta fi ta kowa. Na ce Inna, ƙetare iyaka fa zan yi, ga kwamfuta a jaka. Ta ce to kwamfutar hanci gare ta? Na miƙa hannu na karɓa. Na naɗe ƙunshin da leda uku na cusa a ƙasan jaka, ina zaton na gama da ita.

Na hau acaɓa zuwa Kunci, daga can na samu ƙaramar bas zuwa Kazaure. Ba mu yi nisa ba zafin bazara ya fara aikinsa. Wanda ke kusa da ni ya fara shinshina, ya duba ƙasan takalminsa. Na bayansa ya buɗe taga. Ni kuwa na kafa wa hanya ido kamar ban san komai ba. Can sai wata mata mai jiki, 'yar kasuwa, da ke zaune a gaba ta waiwayo ta ce wane ne mai daddawa a motar nan, don tana so ta saya. Aka kwashe da dariya, na ɗaga hannu kamar ɗalibin da aka kama.

Hajiya Ladi ke nan. Robobi da kwanuka take kaiwa Damagaram, hanyar nan ta san ta kamar tsakar gidanta. Daga nan ta ɗauke ni ɗanta ba tare da ta nemi yardata ba. A Daura ita ta zaɓa mana mota, ta hana ni sayen wani nama da na ƙyalla, ta ce na jiya ne. Ta tambaye ni aikina, na yi ƙoƙarin yi mata bayanin harsuna uku da tushe ɗaya. Ta saurara har na gama, sannan ta ce ita dai abin da ta gane shi ne zan je in faɗa wa tsoho an daina yayinsa, kuma na kai masa daddawa don ya ji sanyi. Na ce ba haka ba ne, Hajiya. Ta ce to yaya ne?

A iyaka, wajen Kwangwalam, aka sauke mu aka duba takardu. Ɓangarenmu ba a daɗe ba. A ɗaya ɓangaren wani jami'i siriri ya ce in buɗe jaka. Ya ɗaga kwamfuta ya ajiye, ya ɗaga kayan sawa, sai hannunsa ya kai kan ƙunshin nan mai leda uku. Fuskarsa ta canza. Ya kira abokin aikinsa da Faransanci, suka tsaya a kaina, ni kuwa gumi har cikin takalmi. Ya kwance leda ta farko, ta biyu, yana kwance ta uku warin ya buge shi. Sai ya rufe ido ya ja numfashi, ya ce da Hausa tsantsa: wannan ta kalwa ce, ba ta waken suya ba. Ya ce tun rasuwar kakarsa bai ji irinta ba. Na gutsura masa guda biyu, ya karɓa da hannu biyu, ya yi wa Inna addu'a ba tare da ya san sunanta ba.

Motarmu ta lalace kafin Matamaye, muka shiga garin bayan magariba muna tura ta. Hajiya ta kai ni gidan wata ƙawarta, aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo burabusko da miyar kuka. Da safe na ga burodin da kuke tambaya. Gaskiya ne, ya kai tsawon hannu, kuma ɓawonsa sai da ya yanka mini dasashi. A tsaye suke jera shi a kwali kamar sanduna. Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne agogonsu. Na tambayi lokacin da motar yamma ke tashi aka ce ƙarfe goma sha shida, na tsaya ina lissafi da yatsu, ni da na yi karatun lissafi. Amma gaisuwarsu tamu ce, gonakinsu na gero irin namu ne, sai dai sun fi namu faɗi da yashi. Motar safe muka samu. A tashar Damagaram muka rabu da Hajiya, ta ce in na je kada in yi ta kewaye-kewaye, tsofaffi sun fi jin zafin kewaye a kan gaskiya.

Mijin Rakiya ne ya zo ɗaukata a babur. Sunansa Abdu, malamin makaranta ne, can kuwa malami mushe suke ce masa, makaranta kuma lakwal. Gidansu na ƙasa ne mai sanyi a tsohuwar unguwa. Muna shiga na hango Malam zaune a inuwar darbejiya, ya rame, gemunsa ya yi fari fat, carbi a hannu. Na yi sallama. Bai bari na ƙarasa ba.

“Habibu ne. Kuma Hajara ta aiko da daddawa.”

Hajara sunan Inna ne. Na durƙusa na kama hannunsa, ya shafa kaina da fuskata yana cewa na yi ƙiba. Hawaye suka zo mini, na yi ta haɗiye su don kada Rakiya ta gani. Ya tambayi mutanen gari ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka rasu bai ji ba, na riƙa faɗa masa yana yi musu addu'a.

Ranar ban iya tayar da maganar da ta kawo ni ba. Washegari ma na so in fake da rashin wuta, don cajar kwamfutata mai ƙafa uku ce, soket ɗinsu kuwa ramuka biyu ne zagayayyu. Mushe Abdu ya ce ba komai, ga tasa. Na kwafe aikin na saka a ciki, na fara bugawa, sai na ga shirme ke fitowa. Ashe madannansu na Faransa ne, haruffan ba a inda na saba suke ba. Ina neman wannan harafi wani na fitowa, na koma bugawa da yatsa ɗaya kamar ranar farko a ajin Malam. Malam na jin ƙarar ya ce wa ya kawo kaza tana tsattsagar hatsi a nan?

Ashe Mushe Abdu ma ɗan hannu ne. F# yake so, yana koyar da shi ga manyan ɗalibansa. Ya hura gawayi ya ɗora shayi, irin nasu na 'yan ƙananan kofuna da ake sha sau uku, na farko ɗaci kamar magani. Kafin a kai na biyu mun kaure da gardama. Shi ya ce F# ya fi tsafta wajen lissafin faɗin gona, kuskure ba ya samun wurin ɓuya. Ni na ce C# ne kowa ya iya, in na mutu gobe za a samu mai ci gaba, kuma shi ne hanyar waya. Muna ta ɗaga murya, na manta gaba ɗaya a gaban wa nake. Sai da na ji bakina ya ce Besik ai zamaninsa ya wuce, sannan na farga.

Malam ya ajiye kofinsa a hankali ya ce ai ya sani, tun da na shigo ya ji muryata ba daidai take ba. Ya ce in daina wahalar da kaina, harshe ba addini ba ne, shi ma Besik ya ɗauka ne don littafinsa kaɗai ya samu a lokacin. In sabon ya fi amfani ga mutane, a goge nasa. Abu ɗaya ya roƙa: in karanta masa abin da na rubuta ya ji.

Nan na gane wani abu da ban taɓa lura da shi ba. C# da alamomi yake buɗe magana ya rufe ta, wasu 'yan lanƙwasassun baka kamar ƙugiya. Ido na ganinsu, amma kunne ba ya ji. Na riƙa karantawa ina cewa buɗe ƙugiya, rufe ƙugiya, rufe ƙugiya, rufe ƙugiya, har Malam ya fashe da dariya ya ce wannan ai shagon mahauci ne. Besik kuwa da kalmomi yake buɗewa ya rufe, ana karanta shi kamar wasiƙa. Duk da haka ya bi ni tiryan-tiryan. Ya yaba mini wurare biyu, ya ce na fi shi iya taƙaitawa, na ji kaina ya ɗan kumbura. Da na gama sashen gonaki na tsaya, ya ce in ci gaba. Na ce shi ke nan.

“Ina bishiyoyi?”

Na yi masa bayani da ladabi cewa na haɗe su da gona, duk abin da ke cikin gona yana bin mai gonar, haka ake tsara irin wannan a ko'ina. Bai yi faɗa ba. Ya lalubi ƙunshin daddawar da ke gefensa, don tun jiya ya hana Rakiya ta kai shi madafa duka, ya ɗaga shi.

“Wannan daga wace bishiya ta fito?”

“Ɗorawar Inna.”

“A gonar wa take?”

“Alhaji Garba.”

“To duba mini a sabuwar manhajarka. Ɗorawar ta wa ce?”

Ban buƙaci dubawa ba, amma na duba, da yatsa ɗaya, a kan madannan nan da suka ƙi ni. Sunan Alhaji Garba ya fito. Ni da na yi ƙuruciyata ina tsintar kalwa a gindin bishiyar nan, ni da na san tarihinta sarai: gonar ta kakana ce na wajen uwa, da aka raba gado maza suka ɗauki ƙasa aka bar wa Inna ɗorawa, daga baya kawunnaina suka sayar da gonar amma bishiyar ba ta shiga ciniki ba. Kowa a ƙauyenmu ya san gona daban, bishiya daban. Na san haka a gida, da na zauna gaban kwamfuta na manta.

Malam ya ce ba Inna kaɗai ba ce. Ya fara lissafo su da ka: tsamiyar wance a gonar wane, kukar da 'yan'uwa mata uku suka haɗa, ɗorawar wata gwauruwa da ita kaɗai ce abin da mijinta ya bar mata. Galibinsu mata ne, galibinsu ba su da takarda. Ya ce da ƙafarsa ya bi su gida-gida, damina biyu, yana tambaya yana rubutawa. Yau kowa ya sani, amma ranar da tsofaffin da suka sani suka ƙare, jikan Alhaji Garba zai buɗe waya ya ga sunan kakansa, kuma ba ƙarya zai yi ba in ya ce tasa ce.

“Harshen ka goge shi, Habibu, ban damu ba,” in ji shi. “Matan nan ne kada ka goge.”

Kunya ta rufe ni har na kasa ɗaga kai. Mushe Abdu, Allah Ya saka masa, shi ya cece ni. Ya zuba shayi na uku, mai zaƙin, ya ce to mene ne na gogewa tun farko? Tun da tushe ɗaya ne, ai sabon aikina na iya kiran tsohon sashen Malam kai tsaye, kowanne da harshensa. Na san haka. Na daɗe da sanin haka. Son in ga komai da hannuna aka yi shi ne ya rufe mini ido.

Kwana uku muka yi muna aikin a inuwar darbejiyar nan, muna tashi in rana ta take, don can da azahar gari kan mutu mururus, kowa ya rufe shago ya kwanta. Na buɗe tsohon sashen bishiyoyi na riƙa karanta wa Malam. Sau da yawa kafin in ƙarasa layi ya riga ni, har da 'yan bayanan da ya saka da Hausa a gefe, irin su “a tambayi Hajara kafin a taɓa wannan”. Fuskarsa ta yi haske irin yadda na san ta a aji. Muka bar fuskar waya da C#, muka bar gonaki da bishiyoyi da Besik yadda ya rubuta su. Mushe Abdu ya nace sai da muka ba shi lissafin faɗin gona ya yi da F# ɗinsa, kuma ban ji daɗin faɗa ba amma nasa ya fi nawa daidai. Rakiya ta yi mana miyar kuɓewa da daddawar Inna, Malam ya ci har ya nemi ƙari.

Da zan tafi ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Na ce masa duk gyaran da zan yi a sashensa sai na kira na karanta masa tukuna. Ya ce to, amma ban da ƙugiyoyi. Yanzu duk Juma'a bayan la'asar nakan kira shi, ko akwai gyara ko babu.

Dawowa ba ta da labari, sai dai jami'in nan na iyaka ya gane ni, ya tambayi ko akwai saura. Shugabannin ƙungiya kuwa da na ce musu ba a goge komai ba, shugaba ya yi murmushi kawai ya ce shi ya sa ba a yin irin wannan magana a waya.

Kafin ruwan farko manhajar ta hau waya. Ranar da ta fara aiki na sami Inna a gonar Alhaji Garba, tana kakkaɓe ragowar ɗorawa da doguwar gora. Na tsaya a gindin bishiyar na buɗe wayar na nuna mata. Inna ba ta karanta boko, ta kare fuskar wayar da tafin hannu saboda rana, ta ƙura mata ido.

“Me ta ce?”

“Ta ce bishiyar nan taki ce, Inna.”

Ta dube ni kamar wanda ya zautu, ta miƙo mini gorar.

“To da ta wa ce? Kama nan ka kakkaɓo mini na saman can, hannuna ya gaji.”